Wanda ya zuba guba a bakin tafki ba maharbi ba ne

Cikin ɗarin bara ne, ina dawowa daga Mirriya ranar Lahadi bayan kasuwa ta fara watsewa, wani yaro ya tsayar da ni bakin kwalta riƙe da agwagin ruwa guda huɗu ya ɗaure ƙafafunsu da kaba. Ya ce jaka biyu duka. Wallahi na yi murna don rabona da naman agwagwar ruwa an jima, ko tayawa ban yi ba na biya na rataya a babur na kamo hanyar Damagaram. Da na iso gida Birni sai na miƙa wa Inna, don ita ce gwanar gyaran naman daji a gidanmu, ƴar maharbi ce, a cikin abin ta tashi. Ta jujjuya su, ta ɗaga fiffike, ta shafa ƙirji, ta duba wuya, sai ta ɗago kai ta ce min "Kai ɗan nan, ina wurin harbin?"

Babu. Ba ramin harsashi, ba karaya, ba sawun asuta a ƙafa, yankan wuyan ma jini bai zuba ba yadda ya kamata, wato sai bayan rai ya fita aka sa musu wuƙa. Ta tsaga guda ɗaya sai ga hatsi cike da maƙogwaronta, launinsa ya sauya, yana wari irin na rumfar masu sayar da maganin gona. Ta ce "Je ka haƙa rami mai zurfi ka binne su, kar kare ko ungulu su samu. Mushe ka sayo mana." Na binne su bayan gida jikina a sanyaye, don da a ce gidan da ba mai ido irin na Inna suka faɗa, da yara sun sha romonsu a daren nan.

Tun ranar abin yake cina a rai, kuma na lura duk inda aka tayar da maganar tsuntsayen tafki sai mutane su rabu biyu. Wasu ƴan boko su ce a hana farauta kwata-kwata, ai abin ƙauyanci ne, wasu kuma su ce naman daji Allah ne ya ba mu ba mai hana mu, wanda ya samu ya ci. Ni ban tsaya da ko ɗaya ba. Ni jikan maharbi ne kuma ina son naman daji, ina son ƴaƴana ma su san ɗanɗanon fakara da zabuwar daji da zomo. Abin da nake cewa shi ne tafkunanmu sun zama marayu, ba mai su, kuma mutanen da ya kamata a damƙa wa riƙonsu su ne maharba na gado, waɗanda yanzu ake haɗa su a kwando ɗaya da masu barbaɗa guba.

Kakana na wajen uwa, Allah ya jiƙansa, da burtu yake farauta. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin abin ba. Kan tsuntsun burtu ne ake sassaƙawa a ɗaura a goshi, mutum ya lulluɓa da baƙin zane ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kan kamar tsuntsu na kiwo, har ya matso kusa da barewa ko garken dinya ba su ankara ba. Awa biyu awa uku mutum na jan gwiwa cikin ƙarangiya saboda harbi ɗaya. Wanda ya sha wannan wahala ba zai yi wa nama almubazzaranci ba. Kuma suna da dokokinsu da ba a rubuta ba amma kowa ya sani. Da damina ta sauka ana rataye baka da bindiga, saboda lokacin zabi ke kan ƙwai, kirinjijiya na jan ƴaƴanta cikin ciyawa, zomanya na da ciki ko tana shayarwa. Ba a harbin uwa da ƴaƴa. Ba a taɓa shamuwa, ita da ke zuwa da albishir ɗin ruwa tana sheƙa a tsakiyar gari ba mai jifanta. Farautar gayya sai da rani bayan an kawar da amfanin gona, sai sarkin baka ya sa rana, a buga gangi, a fita tare a dawo tare. Wanda ya karya doka kuwa ƴan'uwansa maharba ne ke hukunta shi tun kafin magana ta je gaban mai gari, kuma kunyar a ce wane ya harbi mai ciki ta fi masa tara zafi.

Akwai wani ɗan zobe na ƙarfe da ya bari cikin gafakarsa, a ƙafar wata ƴar ƙaramar agwagwa ya cire shi, irin masu farin layi bisa ido ɗin nan da ba a ganinsu sai sanyi ya shigo. Shi bai yi boko ba, ya dai aje shi don ya san tsuntsuwar daga hannun wasu mutane ta fito. Sai da muka shiga lakwal muka iya karanta abin da ke jiki, wasu lambobi ne da kalmar Moskva. Masu binciken tsuntsaye na Rasha ne ke sa irin wannan zoben don su san inda tsuntsu ke zuwa. Ka ji fa, daga Rasha har tafkin ƙasar Damagaram, tsuntsuwar da nauyinta bai kai rabin kilo ba, ta tsallake tekun Bahar Rum ta tsallake Sahara duka da fikafikanta.

Ban gane dalilin wannan doguwar tafiya sosai ba sai da ƙanena da ke karatu can Rasha ya turo min wani bidiyo ta WhatsApp cikin watan Janairu. Mutane ne zaune bisa tafki, bisa ruwan kansa wallahi, ya daskare ya zama ƙanƙara fari fat har ƙarshen gani, kowa da ƴar kujerarsa da rigar sanyi kamar bargo uku. Suna da wani ƙarfe mai murɗi da suke huda ƙanƙarar da shi su yi rami kamar bakin tulu, su zura ƙugiya da ɗan gajeren sanda su zauna jiran kifi. Na kira shi na ce "Kai ƙanena, ba sa tsoron ta fashe da su?" Ya ce "Yaya, in kaurinta ya kai santimita 10 kuma mai ƙarfi ce tana ɗaukar mutum a ƙafa, in ɗari ya yi nisa har mota ake hawa da ita wasu wuraren." Ya ce kifin yana nan da ransa a ƙasa don sama kawai ke daskarewa, ruwan can ƙasa bai sauka ƙasa da wajen digiri 4. To kifi ya samu mafaka, amma agwagwa fa? Ita daga sama take cin abincinta, tsaba da ƴan ƙwarin ruwa da ciyayin bakin gaɓa, ranar da ƙanƙara ta rufe tafki an rufe mata rumbu ke nan. Shi ya sa tun kafin lokacin take tashi ta yo kudu, su fara iso mana bayan damina wajen Oktoba da Nuwamba, su juya wajen Fabrairu da Maris su je su yi ƙwai can. Wato lokacin da wancan mutumin ke zaune bisa ƙanƙara yana jiran kifi, tsuntsayen tafkinsa suna nan wajenmu suna kiwo a Gidimuni da Lasuri.

Baƙi ne ke nan, kuma mu Hausawa mun san haƙƙin baƙo. Ban ce kar a ci ko ɗaya ba, su ma can suna harbinsu a lokacin da dokarsu ta yarda. Amma garken da ya yi tafiyar dubban kilomita ya sauka da yunwa, a tarbe shi da hatsin da aka jiƙa da maganin ƙwari, wannan ko a addini ko a al'ada ban san sunan da za a kira shi ba in ban da ɓarna.

Kuma wuraren saukarsu sai raguwa suke. Tafkin Cadi da ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye ƙwarai bayan farin 1973 da na 1984, dattawanmu sun ga wannan da idonsu. Ƙananan tafkunan da suka rage mana rairayi na cike wasu, kacalla na shaƙe wasu, masu lambu na jan ruwa da inji, dabbobi na sha, kowa da buƙatarsa kuma ba wanda zan ce bai da gaskiya, mu mutanen Damagaram wa zai koya mana darajar ruwa, mu da muka tashi muna bin layin famfo da jarka tun asuba. Abin da nake nufi, idan ruwa ya ragu tsuntsaye sai su taru wuri ɗaya, idan suka taru wuri ɗaya kuwa mutum guda da kwano guda na hatsi mai guba zai iya kashe abin da maharba goma ba za su harba ba a shekara. Kuma gubar ba ta zaɓe. Kurciya ta ci, hasbiya ta ci, gauraka ta ci, kajin mutanen ƙauye su ci, shaho ya ɗauki wadda ta mutu shi ma ya bi ta, sauran kuma ya gangara cikin ruwan da awaki ke sha, yara ke wanka, masunta ke jefa koma. Ku tambayi kanku yaushe rabon da ku ga ungulu da yawa a mahauta kamar da.

Bayan masu guba akwai masu shimfiɗa doguwar raga bisa ruwa da dare, da safe a kwashe duk abin da ya faɗa, da mai ciwuwa da marar ciwuwa. Akwai masu bin zomaye da fitilar babur cikin dare ko da damina. Akwai masu cinna wa daji wuta saboda gafiya ɗaya ko kurege, ciyawar da makiyayi ke sa ran dabbobinsa su ci har bazara ta ƙone ƙurmus. Sai kuma manya, don kar a ce talaka kaɗai na gani, masu shiga daji da kat-kat, motocin nan masu ratsa rairayi, da bindigogi masu tsada suna bin barewa har ta faɗi don gajiya, da manyan baƙin nan daga ƙasashen Larabawa da aka sha ba su izini suna zuwa da shahunansu farautar tuji a arewacin jiharmu. Duk dokar da za ta kama yaro mai agwagi huɗu ta bar mai kat-kat ya wuce da gaisuwa, mutanen ƙauye ba za su taɓa girmama ta ba, ni ma ba zan ce su girmama ta ba.

Doka kuwa akwai ta. Akwai doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 wadda ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar, ita ta ce sai da permi, wato takardar izinin farauta, ta ware dabbobin da ba a taɓawa sam, ta hana guba da farautar dare da fitila. Ƙasarmu ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi da tafkuna tun 1987, tafkin Lasuri ya shiga jerin a 2005, na Gidimuni a 2019. An kafa gandun Termit da Tin Tumma a 2012, ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka duka. A takarda ba abin da muka rasa. Amma jami'in gandun daji guda nawa ne, babur nawa gare su, man nawa ake ba su, da za su kwana bakin kowane tafki daga Magarya har Gure? Mai zuba guba da asuba yake aikinsa ya kwashe kafin hantsi. Wanda zai gan shi sai wanda ke kwana a garin, ya san sawun kowa, ya san ɗan wane ne. Kuma ga darasin jimina a gabanmu, tsuntsuwar da kakanninmu suka sani a dajin nan har gashinta na cikin kayan da fatake ke kai wa Arewa ta hanyar Damagaram, yau a dajin Nijar ta ƙare, sai a Kelle can ƙasar Gure ake kiwon ƴan kaɗan cikin shinge ana fatan wata rana a maida su.

Masu cewa a hana farauta gaba ɗaya, an taɓa gwadawa ai. An rufe farauta a ƙasar nan tun 1974 aka shekara ashirin da wani abu a haka, namun daji ba su dawo ba. Abin da hani irin wannan ke yi shi ne ya kori mai mutunci daga daji, dattijon da ke jin kunyar a kama shi ya rataye bindigarsa, a bar dajin ga wanda ba ya jin kunyar komai. Sarkin baka ya zama sarautar kiɗa da rawa ranar salla kawai, yaran da da za su koyi ƙa'ida a hannunsa su koyi sana'ar a hannun mai sayar da maganin ɓera.

Na san abin da za a ce min, kuma magana ce mai nauyi. Za a ce kai kana cikin gari kana cin albashi, yaron nan da ya sayar maka agwagi wataƙila da jaka biyun nan aka sayi hatsin da gidansu suka ci kwana biyu. Gaskiya ne, kuma ban manta fuskarsa ba, ba mugu ba ne, ƙila ma ba shi ya zuba ba aikensa aka yi. Amma wa ke cin naman gubar? Talaka ɗan'uwansa ne, mai kuɗi rago yake saye. Wa zai rasa in agwagin suka daina sauka? Shi ne dai, don mai kat-kat gaba zai ƙara. Yunwa ta sa mutum ya ɗana asuta ya kama fakara biyu, wannan ba wanda zai ga laifinsa, kakanninmu ma da haka suka ratsa shekarun yunwa. Ta ɓangaren addini ma malamanmu na Malikiyya sun faɗa a sarari, farauta don ci halal ce, don wasa kawai makaruhi ce, kuma abin da ya mutu ba a yanka ba, ba kuma makamin maharbi da ya ambaci sunan Allah ne ya kashe shi ba, mushe ne. Wanda ya sa wa matacciyar agwagwa wuƙa a wuya ya kai kasuwa ya ciyar da musulmi haram kuma ya ci kuɗin yaudara, ga cutar da ya sa musu a ciki. Ina roƙon limamanmu na garuruwan bakin tafki su riƙa faɗin wannan a huɗuba idan sanyi ya kama, wallahi zai yi aikin da tarar gwamnati ba ta yi ba.

Akwai abin da Amurka suka yi da ya tsaya min a rai, ba don komai nasu abin koyi ba ne, don su ma sai da suka yi ɓarnar da ta fi tamu. Suna da wata irin kurciyar daji da garkenta ke rufe rana, suka yi ta kashewa suna lodawa a jirgin ƙasa zuwa kasuwa har ta ƙare ƙaf, ta ƙarshe ta mutu a 1914. Agwaginsu ma sun kusa bin sawu. Sai a 1934 aka fito da wani tambur da duk mai farautar agwagwa da ya kai shekara 16 dole ya saya kowace shekara, yanzu dalar Amurka 25 ne, kuma kusan duk kuɗin, kashi 98 cikin ɗari, wajen saye da kare dausayin da tsuntsayen ke sauka yake tafiya. Aka sa lokacin buɗewa da rufewa, aka ƙayyade adadin da mutum zai harba a rana, galibi agwagwa shida. A 1991 suka hana harbin tsuntsayen ruwa da harsashin darma, saboda ƙwayoyin da suka zube cikin taɓo agwagi na haɗiye su a zaton tsakuwa ce su mutu a hankali. Abin lura a nan, maharban ne da kansu suka tsaya wa wannan tsari, don sun ga in ba tafki ba agwagwa.

To mu me zai hana? Ba sai mun kwafi tambur ɗinsu ba, muna da abin da su ba su da shi, wato sarakunan baka da masu gari da fadar Sarkin Damagaram da har gobe in ta yi magana ana ji. A kowane tafki babba a san maharbansa da sunansu, sarkin baka ya riƙe rajista tare da jami'in gandun daji. Permi ya zama mai araha ga ɗan gari, mai tsada ga wanda ya zo daga birni da mota, kuma a yanke shi a nan meri, ofishin magajin gari, ba sai mutum ya yi kwana biyu yana bin ofis-ofis ba. Abin da ya fi komai, kaso mai tsoka na kuɗin ya tsaya a garin, a gani da ido, a cire kacalla da shi, a kafa shingen tare rairayi, a sa wa masu sintiri mai a babur. Ranar da mutumin Gidimuni ya san cewa agwagin nan su suka biya kuɗin gyaran gaɓar tafkinsu, ba sai an ce masa ya hana mai guba ba. A rufe farauta daga saukar ruwan farko har a gama girbi kamar yadda kakanni ke yi, agwagin baƙi kuma a ɗaga musu ƙafa a makonnin ƙarshe kafin su tashi, lokacin da suke tara kitsen da za su tsallake hamada da shi. Maganin gona kuwa da ake zubawa a faranti ana aunawa da cokali a kowace kasuwar ƙauye ba takarda ba suna, wannan wata doguwar magana ce da ta wuce ta tsuntsaye.

Za a ce maharban ma ai mutane ne, wani zai haɗa baki da ɓarayin. Zai faru, ban musa ba. Amma gara mai tsaro da ake iya zuwa ƙofar gidansa a tuhume shi gaban jama'a da halin da muke ciki yanzu da ba wanda za a tambaya.

Sauran aikin namu ne masu saye, don ni na ba yaron nan jaka biyu ban tambaye shi komai ba, kuma irin wannan kuɗin ne ke maida shi bakin tafki gobe. Yanzu in aka miƙo min tsuntsu sai na nemi wurin harbi ko sawun tarko, sai na duba yankan ko ya yi jini, sai na shinshina bakinsa. In na ga tuli guda ba rauni a jikin ko ɗaya, ko kyauta ba na karɓa. Wanda aka tsinta a mace ko yana layi bakin ruwa kuma ko taɓa shi kar yara su yi, ba mu manta da murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magarya a Fabrairun 2006 ba, da irin asarar kaji da agwagin gida da mutane suka yi.

Wanda aka harba ta hanyar da ta dace kuwa, a gaskiya ba naman da ya kai shi, in an iya gyara shi. Mutane da yawa na cewa agwagwar ruwa ƙarni gare ta kuma tauri kamar igiya, alhali gyaran ne ba su sani ba. Inna takan ce tun a daji ake fara dahuwa, wato da an yanka a fitar da kayan ciki kar su kwana, a rataye a inuwa iska na bugawa, kar a cusa cikin leda. In an zo gida a fige a babbake sauran gashin sama-sama, sannan a yanke ɗan kitsen nan da ke bisa gindin wutsiya, wanda tsuntsun ke shafa wa gashinsa don kar ruwa ya jiƙa shi, rabin ƙarnin a nan yake. Sai ta murje naman da lemun tsami da gishiri, in babu lemu ruwan tsamiya, ta bar shi ya ɗan jima ta wanke. Tsuntsun da ya yi ta tashi ba shi da kitsen kazar gidan gona, in ka ɗora shi kan garwashi mai ƙarfi zai bushe ya ƙame, don haka tukunyar ƙasa take sa shi da wuta kaɗan-kaɗan, albasa mai yawa, tafarnuwa, citta, kanumfari, masoro, kimba guda ɗaya da aka fasa, daddawa, tonka daidai bakin yara, a rufe a bar shi har sai ƙashi ya fara sakin nama da kansa. Dinya da yake babba ce takan ci awa uku ko fiye, kirinjijiya ba ta kai haka ba. Zomo kuma daban, shi ta fi so a ɗan tafasa shi tukuna sannan a shafa mai da yajin ƙuli a gasa nesa da wuta ana juyawa. Fakara a miyar kuka da tuwon hatsi, wannan kam sai wanda ya ci.

Abu ɗaya da ba ta wasa da shi, kafin ta sa a tukunya sai ta bi duk ramin harsashi da tsinken wuƙa ta zaƙulo ƙwayoyin darma, ta yanke naman da ya ɓaci kewaye da wurin ta yar, musamman in da tsami za a dafa. Da can don haƙori take yi, yanzu mun san darma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro, abin da ya faru a Zamfara a 2010 inda yara fiye da 400 suka rasu saboda darmar da ke cikin ƙasar da ake niƙa wa zinariya ya isa ya nuna wa kowa ba abin rainawa ba ce.

Watan jiya kawuna, wanda shi ya gaji bindigar kakanmu, ya zo daga ƙauye ya kawo mana kirinjijiya biyu. Biyu tak, ya ce garken ya fi ɗari amma harbi ɗaya ya yi ya taso, don abin miya ya je nema. Na ba shi labarin duk wannan tunani nawa na permi da rajista, ya saurara har na gama, sannan ya ce "Ɗana, mu bakwai muka rage a garinmu da muka san ƙa'idar, ƙaraminmu ya ba hamsin baya. In za su kira mu su kira mu yanzu." Inna ta dafa su da dare, mu tara muka ci da tuwo, romon da ya rage aka ɗumama wa yara da safe.